Mus na shokola da bilenda: me ya sa yake tsinkewa?

Ƴar'uwa, kin ce naki mus ɗin, wato kayan zaƙin nan na shokola mai kumfa, yana komawa ruwa. Matsalar ita ce bilenda tana niƙa ne, ba ta sa iska sosai, kuma tana ɗumama haɗin. Ga zafin Maraɗi da ke wuce digiri 40 a Afrilu.

Ki zuba madara mai zafi rabin kofi kan baƙar shokola giram 150, ki markaɗa daƙiƙa 30, ki bari ya huce. Kirim kuwa, wato maiƙon madara da ake bugawa, mai sanyi ƙalau, da hannu za ki buga shi har ya tashi, sannan ki haɗa shi da shokolar a hankali da cokali. Nan ne kumfar take. Firigo awa 4, ranar da wuta ta zauna.

Ni ba na sa ɗanyen ƙwai saboda yara da masu ciki. Mai ciwon sukari ya fara tambayar likita.