Amsa: Wane firi'amf ne zai dace da amfilifayata?

Malam, ka ce ka sayi sabuwar amfilifaya, kana neman firi'amf (na'urar da ke karɓar sauti daga na'urorinka ta miƙa wa amfilifaya) da zai dace da ita. Kafin ka duba suna, fara ƙirga na'urorin da za ka jona. In kana jin faifan garmaho, sai mai mashigar fono (inda ake jona garmaho), kuma ka duba ko allurarka MM (mai maganaɗisu mai motsi) ce ko MC (mai naɗin waya mai motsi), domin siginar MC ta fi rauni sosai.

Abin da aka fi mantawa, kuma yana damuna, shi ne turjiya, wato yadda na'ura ke tare gudun wutar sigina. Ya kamata ta mashigar amfilifaya ta ninka ta mafitar firi'amf aƙalla sau 10. In ba haka ba, amon ƙasa (bas) yakan raunana, musamman a firi'amf masu bawul (kwan gilashi mai ƙara ƙarfin sigina).

In wayarka doguwa ce, ɗauki firi'amf mai XLR (mahaɗin waya mai ƙafa uku), yana rage gurnani.