Shin na'ura za ta iya cike wa mutane fom a shagona?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon intanet a Aboabo, nan Kumasi, inda nake cike wa mutane fom na fasfo da na makaranta. Yaran shagona sun ce yanzu akwai manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke shiga shafi da kanta ta yi aikin. Yaya ake koya mata, kuma zan iya sakar mata aikin jama'a?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Yaranka sun faɗi gaskiya. A Oktoban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da irin wannan ɗan aike mai sarrafa kwamfuta, OpenAI kuma ya fito da nasa, Operator, a Janairun 2025.

Horon nata kamar na sabon yaron shago ne, wanda ke zama gefenka yana kallon hannunka. Ana sa mutane su yi ayyuka a shafuka, a naɗi abin da ke kan allo, inda suka latsa da abin da suka rubuta, sannan a ba manhajar ta kwaikwaya. A 2023 masu bincike a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka sun tara ayyuka sama da 2,000 daga shafuka 137, suka sa musu suna Mind2Web.

To amma sai an gwada akan san na ƙwarai. Don haka ake gina mata shafukan gwaji, kanti da kayan da ba na gaske ba, a ce ta sayi abu kaza. Ta duba allo, ta ɗauki mataki ɗaya, ta sake dubawa. In ta kai ga abin da aka nema a ƙarfafa mata wannan hanyar, in ta ɓata a rage mata maki, haka sau dubbai. Da aka auna GPT-4, wata manhajar OpenAI, a filin gwajin WebArena na Jami'ar Carnegie Mellon a 2023, kusan kashi 14 cikin 100 na ayyuka 812 ta iya, mutane kuwa kashi 78. An samu ci gaba sosai tun lokacin, sai dai ciwon yana nan: kuskuren mataki na uku yana bin ta har na ashirin.

Nan ne hankalina bai kwanta ba game da aikinka. Dattijo ya miƙo maka Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, an rubuta Mohammed, takardar haihuwarsa kuma Muhammad. Kai za ka ɗaga kai ka ce, "Baba, wanne za mu sa?" Ita tana iya zaɓar ɗaya ta wuce abinta. Ko shafi ya tsaya cak bayan an cire kuɗi ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ta ɗauka bai shiga ba, ta nemi a sake biya. Ga kuma mugaye da ke ɓoye umarni cikin rubutun shafi, manhajar ta karanta ta bi kamar kai ka aike ta. Bayanan mutanen nan amana ce a hannunka, kuma dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012 ta ɗora maka nauyinsu.

Shawarata, ka bar mata neman bayani da kwatanta farashin tawada da takarda. Kalmar sirri, lambar katin mutum da maɓallin biya su tsaya a hannunka. In kana son ganin iyakarta, fara da fom naka na kanka wata ranar da shago ba cunkoso, ka zauna kana kallon duk inda ta latsa.