Me ya sa injin nan ba shi da taimin cen?

Sadiku, jiya da muka kwance injin aboboya ɗin nan, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ka tambaye ni: "Masta, ina taimin cen ɗinsa? Na Boxer yana da shi, wannan kuwa sanduna biyu kawai na gani." Mai kaya yana tsaye a kanmu, shi ya sa na ce ka bari. Yanzu zauna ka ji.

Injin da ka gani, ko wane suna 'yan Caina suka manna masa, asalinsa na Honda ne, CG125, wanda ya fito a 1975. Kafin shi suna da CB125, mai kam (ƙarfen da ke juyawa yana buɗe bawul, wato ƙofofin shiga da fita na silinda) a sama, cikin kan inji, sarƙa, wato taimin cen, tana juya shi kamar na babur ɗin Boxer. Inji ne mai kyau, amma sai ya riƙa mutuwa a ƙasashen talakawa. A 1974 kamfanin ya tura injiniyoyi ƙasashe irin su Tailan, Indonesiya, Filifin da Pakistan su gano dalili. Abin da suka tarar shi muke gani kullum a nan Magazin, unguwar masu gyaran mota ta Kumasi: mutum ya ɗora iyalinsa da buhu a babur ɗaya, baƙin mai ya zama kamar kwalta ba a canza ba, matatar iska ta toshe da ƙura, ba a zuwa wurin fita, wato makanike, sai babur ya tsaya cak. Mai da ya yi kauri ba ya saurin hawa sama, kam ya yi ta gudu a bushe har ya cinye kan injin.

Abin da suka yi a nan ne yake burge ni har yau. Ba su tsaya zagin masu babur ba. Suka sauko da kam ƙasa kusa da mai, giya tana juya shi kai tsaye daga karanshaf (babban ƙarfen da fistin ke juyawa), babu sarƙar da za ta saki. Ka lura tozo ɗaya ne a jikinsa? Shi kaɗai ke tura sandunan nan biyu, ɗaya ta buɗe bawul ɗin shiga, ɗaya na fita. Matatar iska suka yi ta da soso, a wanke a mayar. A 1976 aka fara haɗa shi a Manaus ta Barazil, daga baya masana'antun Caina suka kwaikwaye shi, suka faɗaɗa silinda zuwa cc 150 da 200, ga shi yau yana jan gawayi da doya daga Aboabo zuwa Kejetia.

Kada ka ɗauka Honda ba su iya injin gudu ba ne. Tun 1959 suka shiga tseren tsibirin Man, a 1961 Mike Hailwood ya ci musu ajin 125 da na 250, duka da kam a sama. Sanduna suna da nauyi, idan inji ya yi juyi da yawa bawul ba ya komawa a kan lokaci. Shi ya sa namu yake da ƙarfin ja, amma ba ya son a matse shi, kuma yana da ƙara. Wannan kas-kas ɗin kaɗan halinsa ne. Na taɓa samun yaro da ya ɗaure bawul tam don ya kashe ƙarar, kafin wata ya zagayo bawul ya ƙone, ni na biya.

Gobe kai za ka haɗa shi. Ka daidaita alamar giyar kam da ta karanshaf kafin ka rufe. Bawul sai inji ya huce za ka saita shi, 0.08 na milimita, da ma'auni, ba da kunne ba. Sannan ka buɗe murfin gefen kuloci, akwai ƙoƙon da ke juyawa yana tara dattin mai. Yawancin fitoci ba sa taɓa shi. Ka kankare shi tas, ka kawo mini dattin a hannunka in gani.