Amsa: Tsarin falaki hujja ne kan samuwar Mahalicci?

Malam, hujjar da ka kawo, wai da duniya ta ɗan matsa kusa da rana da mun ƙone, ka ajiye ta. Tazararmu da rana tana sauyawa duk shekara, kilomita miliyan 147 a Janairu, miliyan 152 a Yuli, kuma lafiya lau muke.

Ga wadda ta fi ƙarfi. A 1687 masanin kimiyya Isaac Newton ya nuna in nisa ya ninka biyu, ƙarfin da rana ke jan duniya da shi yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Da ɗaya cikin takwas ne, 'yar tangarɗa ta isa ta jefa duniya cikin rana ko ta watsar da ita. Lissafi yana bayyana yadda dokar ke aiki. Me ya sa akwai ta tun farko? Nan mai imani da mai musu ke rabuwa, kuma awo ba ya raba wannan gardama.