Fatawa: Asusun raya ƙauyuka, rancen mata da buhun geron da ake mayarwa da ƙari

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ne ma'ajin kwamitin ƙauyenmu a ƙasar Mirriya. An kira mu Damagaram aka ce ana shirin buɗe wani asusun gwamnati da zai riƙa zuba wa ƙauyuka kuɗi, mutanen gari su zaɓi aikin da suke so da kansu, kuma ana neman shawararmu kan tsarinsa. An kawo batun a ba ƙungiyoyin mata rance su mayar da ƙarin kashi 10 cikin 100 don kada asusun ya mutu, a buɗe rumbun tsimi da zai ba da buhun gero da damina a mayar da buhu da tiya biyar da kaka, a kuma zuba zakkar attajirai a ciki. Dattawanmu wasu sun ce kuɗin duka haram ne tunda bashin bankunan waje ne mai ruwa. Mu karɓa ko mu bari? Mu ƴan kwamiti kuma, ya halatta mu ci wani abu a ciki?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ku karɓa, malam ma'aji. Abin da ya shiga baitulmali ya zama dukiyar jama'a, kuma talakan Mirriya yana da haƙƙi a cikinsa. Idan hukuma ta ci bashi da ruwa, nauyin wannan ƙulli yana wuyan waɗanda suka ƙulla shi. Bai bi kuɗin ya shiga rijiyar da aka gina muku ba. Annabi (SAW) ya yi ciniki da Yahudawan Madina alhali Alƙur'ani ya ba da labarin cin ribarsu, har ya rasu sulkensa na jingine a wurin Bayahude kan sa'i 30 na sha'ir. Da aka kawo masa naman da aka yi wa Barira, baiwar da Nana A'isha ta ƴanta, sadaka, sai ya ce a wurinta sadaka ne, a wurinmu kyauta. Daga nan malamai suka fahimci cewa hukuncin dukiya yana sauyawa da sauyawar hanyar mallakarta. Ku faɗa wa dattawan haka da ladabi, don tsoron Allah ne ya sa suka ja baya. Sai dai haramcin da suke hange can nesa yana nan kusa, cikin shawarwarin da aka shimfiɗa muku.

Ƙarin kashi 10 a kan rance riba ce. Kyawun niyya bai sauya ta ba, kasancewar mai karɓa asusun jama'a ne shi ma bai sauya ta ba, domin malamai sun haɗu a kan cewa duk rancen da aka sharɗanta masa ƙari ga mai bayarwa haramun ne. Abin da ya halatta shi ne ladan hidima na gaskiya: kuɗin takarda, albashin mai rubuta lissafi, man babur ɗin mai zagayawa. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta halatta wannan a zamanta na birnin Amman a 1986, bisa sharaɗin kada ya wuce abin da aka kashe. Ma'aunin da za ku riƙe shi ne: idan mai rancen jika 20 na wata uku da mai rancen jika 100 na wata tara sun sa ku wahala iri ɗaya, to ladansu ɗaya ne. In kuka ga yana hawa da yawan kuɗi ko tsawon lokaci, ruwa ne ya sa riga.

To ta yaya asusun zai rayu? Ta hanyar ciniki. Matar da ke tuyar ƙuli-ƙuli, asusu ya sayi buhun gyaɗa a kasuwar Dole, ya shigo hannunsa tukuna, sannan ya sayar mata bashi da farashi sananne wanda ba ya ƙaruwa in ta makara. Mai sana'ar da aka yarda da amanarta a ba ta jari a kan ƙirali, a raba riba bisa kason da aka yi alkawari, in an yi asara ba da sakacinta ba asusu ya ɗauka. Ga kuma habbanaye da makiyayanmu suka daɗe suna yi: a ba mace akuya ta kiwata, ƴaƴan su zama nata, uwar ta koma ta wuce ga wata. Tun da aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991 kowa ya shaida matan ƙasar nan sun iya riƙon asusu da lissafi, kuma sau da yawa sun fi mu maza biyan bashi. Abin da ya rage a gyara musu ƙullin kawai. Wadda kuwa fari ko ciwo ya karya, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a saurara mata har ta samu sauƙi. Ku rubuta wannan cikin dokar asusun tun farko, ku ware masa kaso, kada ya zama alfarmar da ake yi wa mai uwa a gindin murhu.

Maganar rumbu ta fi ta kuɗi laushi, kuma nan mutanen kirki da yawa ke zamewa ba su sani ba. Wanda ya ga yunwar 2005 a Tanut da sauran yankunan jihar nan ba zai raina rumbun tsimi ba. Amma buhu a mayar da buhu da tiya biyar riba ce ƙarara. Hanya biyu gare ku. Ko dai ku ba da rancen buhu a mayar da buhu irinsa, mudu da mudu, gwamnati ta ɗauki kuɗin gadi da na maganin ƙwari. Ko ku sayar da geron da damina da farashi mai rangwame, hannu da hannu ko bashi zuwa kaka. In kun zaɓi bashi, ku kula da wani abu a mazhabarmu ta Malikiyya: wanda ya sayar da abinci bashi, ba ya karɓar abinci a madadin kuɗinsa ranar biya, domin hakan na komawa musayar abinci da abinci da jinkiri. Manomi ya kai geronsa kasuwa ya sayar, ya kawo muku kuɗi, ku kuma ku sayi na cika rumbu a lokacin da ya yi araha. A tsakanin arahar kaka da tsadar damina akwai abin da zai riƙe rumbun ba tare da an taɓa haram ba.

Zakka kada ku haɗa ta. Allah ya ƙidaya masu cinta takwas a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma malamanmu ba su yarda a gina ganuwar gari da ita ba, balle aji ko magudanar ruwa. Attajirin da ke son taimakon aikin gari ya ba da sadaka ko waƙafi. In hukuma na son tattara zakka, ta yi mata akwati dabam da littafi dabam, a damƙa ta hannun mabuƙata.

Ka ce mutanen gari ne za su zaɓi aiki. Su wane ne mutanen gari? Na san yadda taronmu yake: a zauna ƙofar mai gari, manya uku su yi magana, a ce kun yarda, a amsa mun yarda, a shafa fatiha. Bayan yaƙin Hunaini, da Annabi (SAW) ya nemi sahabbai su saki kamammun ƙabilar Hawazin, jama'a suka amsa da murya ɗaya cewa sun yarda. Bai wadatu da wannan ba. Ya ce ba mu san wanda ya yarda daga wanda bai yarda ba, ku koma har wakilanku su kawo mana maganarku. Bukhari ya ruwaito shi. Saboda haka a ji mata a zamansu, domin su ke kwana a layin famfo, kuma in ka tambaye su da wuya su zaɓi wani abu kafin ruwa a ƙasar da kowa ya san ƙishirwarta. A ji matasa, a aika rugage da zangon makiyaya, Fulani da Buzaye, tunda su ma ƴan ƙasa ne ko da ba su da rumfa a kasuwarku. Aya ta 7 a Suratul Hashri ta faɗi dalilin raba dukiyar fai'i, wato wadda Musulmi suka samu daga abokan gaba ba tare da yaƙi ba: don kada ta zama abin kewayawa tsakanin mawadatanku. Rabon da aka yi da dangantaka ko da jam'iyya ya saɓa wa wannan ayar, ko da an cike duk takardun da hukuma ta nema.

Sauran tambayarka ta ƙarshe. Ya halatta a yanka wa ƴan kwamiti lada sananne, a faɗe shi gaban jama'a, a rubuta. Har ma na fi son haka, domin ma'ajin da ya bar gonarsa yana bin aikin gari kyauta, yunwa za ta fara ba shi shawara. Abin da ya wuce wannan ladan kuwa, hadisin Abu Dawud ya kira shi gululu, wato ha'incin dukiyar jama'a. Goron ɗan kwangila yana ciki, haka ƙara farashi a takardar sayayya, haka rubuta sunan wanda bai zo taro ba don a karɓi kuɗin zamansa. Da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka yi mini, Annabi (SAW) ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya gani ko za a kawo masa kyautar. Ku roƙi a sa cikin tsarin cewa kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum uku waɗanda ba ƴan gida ɗaya ba, a karanta lissafi da Hausa a bainar jama'a duk wata uku, kuma mai riƙe makullin rumbu ya zama dabam da mai riƙe littafinsa.

Allah ne mafi sani.