Alhaji, ba X ba ne matsalarka, ƙaninka ne da rashin rubutu

Wani ɗan kasuwa ya turo min saƙo, yace shekara uku kenan da ya kafa gidauniyar koya wa marayu sana'a, yanzu ma'aikatansu tara, ƙaninsa ne ke kula da ɗaukar aiki, kuma an fara surutu wai sai ɗan gida ake ɗauka. Yana so ya buɗe shafi a dandalin X, wato tsohon Twitter, ya riƙa wallafa duk gurbin aikin da ya samu, ya jona shi da shafin intanet na gidauniyar, yana ganin in masu bada tallafi suka ga haka kuɗi za su fara shigowa. Tambayarsa: X ya fi ko Threads, wani dandalin mai kama da shi?

Alhaji, Allah ya saka da alheri kan marayun nan, amma gaskiya zan faɗa maka, ba wannan ce tambayar ba. Da bakinka ka ce ƙaninka shi ke karɓar takardu, shi ke kiran intabiyu, shi ke zaɓa. To in yau na ce ka kawo min takarda ɗaya da ta nuna me yasa aka ɗauki ma'aikacinka na tara aka bar sauran da suka nema, akwai ta? Na san babu, da akwai da ka ambata. Ban ce ƙaninka macuci ne ba, wataƙila ma ya fi mu tsoron Allah, amma mutum ɗaya ba shaida ba rubutu, ko waliyyi ne sai an zarge shi, kuma ba shi da abin da zai kare kansa. A kasuwancinka kuɗinka ne, ka ɗauki wanda ka ga dama ba mai tambayarka, ita kuwa gidauniya amanar jama'a ce, daga ranar da ka karɓi sisin wani da sunan marayu ka daina zama mai ita kai kaɗai.

Na taɓa aiki da wata ƙungiya da ta yi irin abin da kake shirin yi. Sun wallafa gurbin akanta, mutane suka yi ta yabo, sama da mutum ɗari biyu suka nema, bayan wata guda sai ga ɗan yayar shugaban a kujerar. Wata da ta nema ta tambaya a ƙarƙashin sanarwar, da ladabi ma, cewa da wane ma'auni aka zaɓa, suka rasa amsa don babu ita, sai suka goge sanarwar, alhali an riga an ɗauki hotonta. Abin da ya fi ƙona min rai shine yaron ya iya aikin wallahi, na ga littattafansa da idona, da an yi a rubuce ƙila shi ɗin zai ci. Da mai basu tallafi ya nemi fayil ɗin ɗaukar aikin ba su da ko shafi ɗaya, bai sabunta yarjejeniya ba, mutum shida suka rasa aiki.

Don haka kafin ka buɗe kowane shafi ka gyara ciki. A rubuta sharuɗɗa da makin kowanne tun kafin sanarwa ta fita, ba bayan an ga fuskokin masu nema ba, misali ƙwarewa 40, gwajin aiki 40, intabiyu 20. Mutum uku su zauna, ɗaya a ciki ba danginku ba kuma ba ya cin albashinka, kowa ya bada makinsa shi kaɗai ya sa hannu. Wanda ɗan uwansa ya nema ya faɗa a rubuce ya tashi daga zaman, har kai kanka. Takardun nan a fayil a kulle, ko bayan shekara biyar aka tambaya a ɗauko.

In wannan ya tsaya, to sai X ya yi maka amfani, kuma ba wani dogon aiki ba ne: ka wallafa ranar buɗewa da ranar rufewa da albashin, ka bada kamar mako biyu, bayan rufewa ka faɗi mutum nawa suka nema nawa aka kira, daga baya ka ce an cike gurbin. Kada ka kuskura ka saka sunan wanda bai ci ba ko makinsa, wani yana aiki a wani wuri maigidansa bai san ya nema ba, za ka jawo masa kora. Kuma ba a karɓar takarda ta saƙon sirri, ƙofar baya kenan da sabon suna.

X ko Threads, ka je inda mutanenka suke kawai. Amma cikakkiyar sanarwa ta zauna a shafinku, don harafi 280 na asusun kyauta a X ba zai ɗauki sharuɗɗa ba, kuma X gidan aro ne. Elon Musk ya sayi Twitter a 2022, a 2023 ya canja masa suna zuwa X, a shekarar har an yi lokacin da in ba ka da asusu ba ka iya ganin komai, shafuka da yawa da suka jona shi suka wayi gari akwatin da ke nuna saƙonninsu na X ya zama fanko.

Maganar kuɗi za su shigo kuwa, don Allah ka cire ta daga ranka, tana ɓata min rai in na ji ta. Ban taɓa ganin mai bada tallafi ya ƙirga mabiya ya rubuta cek ba, rahoton odita yake nema, da bayanan taron kwamitin amintattu, da rubutacciyar ƙa'idar ɗaukar aiki, kuma zai zaɓi ma'aikaci ɗaya ya ce kawo fayil ɗinsa.

Ƙaninka kuma ka zauna da shi kai da kanka cikin makon nan, kada ya ji a bakin wani, ka bashi wani ɓangaren aikin ka gaya masa sunansa kake karewa. Zai ji zafi, ƙila a gida ma a yi maka magana, ka daure. Gurbi na gaba da ya buɗe ka turo min takardar makin in duba kafin ka wallafa komai.