Mahaifina ba ya barci, ba ya cin abinci: in ƙara masa melatonin?

Assalamu alaikum Anti. Mahaifina yana da shekara 74. Wata biyar ke nan barci ya ƙaurace masa, abinci kuma loma biyu uku sai ya ture kwano ya ce ya ƙoshi, har rigunansa sun yi masa yawa. Na karanta cewa melatonin, sinadarin jiki mai kawo barci, yana raguwa idan mutum ya manyanta, wai kuma hanji ma yana samar da shi. Shi ne na sayo masa ƙwayoyin, yana sha da zarar ya gama abincin dare. Barcin ya ɗan gyaru, amma cin abincin jiya i yau, ga jiri da safe. Yana shan maganin suga da na hawan jini. In ƙara masa yawan ƙwayar? Hankalina a tashe yake.

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya yi miki albarka. Kada ki ƙara masa ko ƙwaya ɗaya.

Abin da kika karanta gaskiya ne, sai dai bai cika ba. Melatonin ɗin da ke kawo barci, wata 'yar halitta a tsakiyar ƙwaƙwalwa ce ke fitar da shi idan duhu ya yi, kuma yana raguwa da shekaru. Hanji ma yana yin nasa mai yawa, amma aikinsa a wurin ya fi shafar motsin hanji da kare bangonsa. Yunwa da ƙoshi wasu sinadarai ne ke riƙe da linzaminsu. Girelin, wanda aka gano a Japan a 1999, daga tumbi yake fitowa ya sanar da ƙwaƙwalwa ana jin yunwa. Wani sinadarin kuwa mai suna CCK daga ƙaramin hanji yake, shi ke cewa a dakata haka. A jikin dattijo CCK yakan ƙaru, tumbi kuma yakan yi jinkirin sauke abin da ke cikinsa, shi ya sa loma uku ke cika shi. Ba a tabbatar ƙwayar melatonin tana gyara wannan ba.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da yake shan ƙwayar. Melatonin dab da cin abinci yana iya hana jiki sarrafa suga yadda ya kamata, kuma yana iya cin karo da wasu magungunan hawan jini. Jirin nan ma kada ki raina shi, faɗuwa ɗaya tana iya kwantar da tsoho wata da watanni. Ga kuma matsalar kwalabar kanta: wani bincike a Kanada a 2017 ya tarar da ƙwayoyin da abin da ke cikinsu ya ninka abin da aka rubuta fiye da sau huɗu. Melatonin ɗin da Tarayyar Turai ta amince da shi a 2007 don masu shekara 55 zuwa sama miligiram 2 ne kacal, na ɗan lokaci.

Ramar nan ita ce abin kai wa likita cikin makon nan. Ciwon haƙori, damuwa, ciwon cikin da ya ɓuya, ko shi kansa maganin suga, kowanne na iya toshe masa ciki. Ki tafi da kwalabar da duk magungunansa, ki roƙi a auna nauyinsa da jininsa. Kafin nan ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana, ki zauna ku ci tare, da hantsi kuma ki fito da shi ya sha rana.